Darasin Kiwon Lafiya: Karayar Ƙashin Saman Wuya Ga Yara Da Lokacin Da Tiyata Ke Zama Dole

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani rauni ne da ba kullum ake ganinsa ba, amma ranar da ya zo, abin da uwa ta yi a cikin minti goma na farko yana iya zama sanadin yaro ya tashi da ƙafafunsa, ko kuma ya kwanta ke nan. Wannan rauni shi ne karaya ko gocewar ƙashin saman wuya.

Ki ɗauka kina tsakar gida a Kafin Hausa kina tankaɗe, sai ga yara sun shigo a guje: "Umma, Umma, ya faɗo daga kan mangwaro!" Kika fita ko mayafi ba ki tsaya ɗauka ba, kika tarar da ɗanki kwance, idonsa biyu, ya tallafe kansa da hannu biyu yana cewa ƙeyarsa na ciwo. Me za ki fara yi? Yawancinmu sungumarsa za mu yi mu rungume, mu girgiza shi muna kiran sunansa. Wata ta kawo ruwa, wani ya ce a miƙe masa wuyan, wani kuma ya tayar da babur. Duk ƙauna ce ta sa, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ƙarasa ɓarnar da faɗuwar ba ta yi ba. Don haka ki gyara zama, 'yar uwa, mu bi abin daki-daki.

Yadda ƙashin wuya yake

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan ɗan Adam, an jera su ɗaya kan ɗaya. Ta tsakiyarsu akwai rami, kuma ta cikin ramin nan ne laka ta bi daga ƙwaƙwalwa ta gangara gadon baya. Laka ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki: motsin hannu da ƙafa, jin zafi da sanyi, riƙe fitsari da bayan gida. Hatta numfashi, jijiyoyin da ke motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki daga wajen ƙashi na 3 zuwa na 5 suke fitowa. Kin ga ke nan idan laka ta ji rauni a sama da nan, numfashi kansa yana iya tsayawa.

Ƙasusuwa biyu na sama su ne darasinmu. Na farko likitoci suna kiransa atlas, ko C1. Siffar zobe gare shi, kuma a kansa ƙoƙon kai ya zauna. A nan ne kike gyaɗa kai idan kin ce "to". Na biyu suna kiransa aksis, ko C2. Shi kuma yana da wani ɗan tsini da ya miƙe sama kamar haƙori, ya shiga cikin zoben na farko, kamar yadda kike zura bakin igiya a turken akuya. Wata jijiya mai ƙarfi ta bi ta bayan haƙorin ta riƙe shi don kada ya koma baya ya taɓa laka. A kan wannan haƙori kai yake juyawa idan kin girgiza kai kin ce "a'a", ko kin waiwaya dama da hagu wajen sallama. Kusan rabin juyawar wuya gaba ɗaya a wannan gaɓa ake yin ta.

Me ya sa yara ƙanana suka fi jin rauni a nan?

Babban mutum idan ya karya wuya, an fi samun karayar a ƙasa, kusa da kafaɗa. Amma yaron da bai kai shekara 8 ba, raunin ya fi zuwa a sama, dab da ƙeya. Dalilai huɗu ne. Na ɗaya, kan yaro ya yi wa jikinsa girma da nauyi. Na biyu, naman wuyansa bai yi ƙwari ba. Na uku, jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan suna da laushi, suna miƙewa. Na huɗu, ƙashin bai gama haɗewa ba. Tsakanin haƙorin nan da jikin ƙashi na biyu akwai guringuntsi, wanda ba ya gama zama ƙashi sai wajen shekara 6 zuwa 7. Idan kan yaro ya fizgu gaba da ƙarfi, ta wannan guringuntsi haƙorin ke ɓallewa.

Akwai kuma wani abin mamaki. Ƙashin bayan jariri yana iya miƙewa har kusan santimita 5 bai rabu ba, amma lakar da ke ciki ba ta jure ko santimita 1. Saboda haka yaro na iya samun rauni a laka alhali hoton ƙashi ya nuna ba karaya. Likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, su suka yi wa wannan yanayi cikakken bayani a 1982, suka kuma nuna cewa wasu yaran sai bayan awoyi, wasu har kwana 4, sannan shanyewar jiki ke bayyana. To ki riƙe wannan: tashin da yaro ya yi ya taka bayan faɗuwa ba shi ne shaidar wuyansa lafiya ba.

Inda haɗarin yake a yankinmu

Mu da ke ƙasar Haɗejiya mun san wuraren da yaranmu ke wasa da aiki. Akwai hawan itatuwa: mangwaro, tsamiya, kanya, kuka, goruba. Akwai faɗowa daga amalanken shanu idan an ɗauko kaya daga gona, ko daga bayan jaki. Akwai babur, inda ake jera yara uku ko huɗu, ga kuma goyo a baya. Akwai mota, inda uwa ke zama a gaba da yaro a cinya. Idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, jikin yana hannunta amma kan ya fizgu gaba.

Sai ruwa. Da damina ta sauka, fadamu da kududdufai sun cika, yara kan yi tsalle su tsunduma da ka. Ruwan da jiya ya sha kan mutum, yau yana iya komawa iya gwiwa, ko yashi ya taru a ƙasa. Idan tsakiyar kai ta daki ƙasa, nauyin jiki duka yana sauka a kan zoben nan na farko ya fasa shi. Wani likitan Ingila, Geoffrey Jefferson, shi ya bayyana irin wannan karaya a 1920, har yau da sunansa ake kiranta.

Kada mu manta da rushewar gini. A ambaliyar 2020 da ta 2022 mun ga yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a Kafin Hausa, Auyo da kewayen Haɗejiya. Yaron da katanga ko azara ta faɗo wa a ka, a ɗauka wuyansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a.

Alamomin da za ki lura da su

Bayan faɗuwa, haɗari, ko duka a ka, ki zargi wuya idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwo a ƙeya ko bayan wuya, ko yaro ya ƙi juya kai sam.
2. Ya riƙe kansa da hannu idan zai tashi, ko ya yi ihu idan an nemi zaunar da shi.
3. Wuya ya karkace, kai ya kwanta gefe guda, haɓa ta kalli ɗaya gefen.
4. Hannu ko ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko ya ce yana jin kamar kiyashi na bin sa, ko kamar lantarki ya ja shi, ko da na ɗan lokaci ne ya wuce.
5. Tafiya tana tangaɗi, ko abu na suɓucewa daga hannunsa.
6. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba.
7. Numfashi sama-sama, ciki kaɗai ke motsi.
8. Suma, ko rauni babba a ka ko a fuska.

Jariri ba zai gaya miki ba. Ki duba ko ya daina wutsil-wutsil da hannu ko ƙafa, ko kukansa ya yi rauni, ko yana tsandara ihu duk lokacin da aka motsa kansa.

Wani lokaci kuma wuyan yaro kan karkace ba tare da wata faɗuwa ba, bayan ciwon makogwaro mai tsanani ko aikin da aka yi a makogwaro. Kumburin ne ke sassauta jijiyoyin gaɓar nan ta sama har ƙashi na farko ya juya ya maƙale. Idan an kai asibiti a makon farko, sau da yawa kwalar wuya da magani sun isa. Idan aka bari ya yi watanni, sai ya kai ga tiyata. Haka nan yaran da aka haifa da lalurar da likitoci ke kira Down, da yawansu jijiyoyin wannan gaɓa sako-sako suke, sai a ƙara kula da su.

Abin da za ki yi nan take

Na farko, kada ki ɗaga shi. Ki durƙusa ta wajen kansa, ki sa tafin hannuwanki biyu a gefen kansa, ki riƙe shi a yadda kika same shi. Ki yi masa magana a hankali, domin muryar uwa ta fi kowace igiya hana yaro motsi. Idan wuyan a karkace yake, ki bar shi a karkace. Kada ki ja, kada ki murɗa, kada ki bari wani ya gwada.

Na biyu, ki duba numfashi. Idan ba ya numfashi, ceton rai shi ne gaba: a tura muƙamuƙinsa gaba da yatsu ba tare da an tanƙwara wuya baya ba, a hura masa iska. Idan a ruwa yake, a juyo fuskarsa sama, kai da jiki a tare, a tallafe shi a haka har a fito da shi.

Na uku, kada a ba shi ruwa, ko koko, ko jiƙo. Yana iya shaƙewa, kuma idan aikin gaggawa ya kama, likitan sa barci yana bukatar cikinsa ba komai.

Na huɗu, a nemo abu mai faɗi da ƙarfi, kamar ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. Mutum uku ko huɗu za su ɗora shi: ke kina riƙe da kai kina ba da umarni, sauran suna riƙe da kafaɗa, ƙugu da ƙafafu, a motsa gaba ɗaya kamar ana ɗaukar gungumen itace. Ga wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba: yaron da bai kai shekara 8 ba ƙeyarsa ta fi bayansa tudu, don haka idan aka shimfiɗe shi a kan katako, haɓarsa kan duƙo ƙirji, wuyan ya lanƙwashe. Sai ki ninke zani, kaurin kamar yatsu biyu, a shimfiɗa daga kafaɗunsa zuwa ƙugu, ban da kai. Kada a sa masa matashi. A naɗe zannuwa biyu a tokare gefen kansa dama da hagu, a ɗaure ƙirji da ƙugu da ƙafafu a jikin katakon da majanyi ko ɗankwali, ba matsewar da za ta hana numfashi ba.

Na biyar, abin hawa. Ban da babur, ban da goyo, ban da saɓawa a kafaɗa. A nemi motar da zai kwanta a miƙe, ko motar asibiti, ko a-kori-kura, direba ya tafi a hankali, ke kuma hannunki na kan kansa har a isa. Idan amai ya taso, a mirgina shi gefe tare da katakon. Idan a kan titi haɗarin ya faru, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Maganar ɗori

Mun san mutuncin maɗora a garuruwanmu, kuma ba gidan da bai taɓa zuwa wurinsu ba. Amma 'yar uwa, wuya ba hannu ba ne. Maɗori da ja da murzawa yake aiki, ba ya ganin abin da ke ciki, ga shi kuwa tsakanin karyayyen haƙorin nan da laka tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ja ɗaya ya isa ya mayar da yaron da ke motsa ƙafafunsa wanda ba zai sake motsa su ba. Sau da yawa ba uwa ce ke yanke hukunci a irin wannan rana ba. Maigida ne, ko surukai, ko kawunnai. Shi ya sa ya kamata ki yi wannan hira da maigida tun yau da lafiya, cikin ladabi, ku tsayar da magana ɗaya: ciwon wuya bayan faɗuwa, asibiti ne kai tsaye.

Idan an isa asibiti

A fara da babban asibiti mafi kusa, na Kafin Hausa ko na Haɗejiya. A can za a duba numfashi da jini, a sa masa kwalar wuya daidai girmansa, a ba shi maganin ciwo, sannan likita ya rubuta takardar tura shi gaba idan ya ga alamar haka. Aikin ƙashin saman wuya na ƙwararru ne, likitocin ƙwaƙwalwa da laka ko likitocin ƙashin baya. Mafi kusa da mu su ne na Kano: Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Akwai kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Hoto iri uku ake yi. Hoton ƙashi na yau da kullum shi ne na farko, amma ba ya nuna saman wuya sosai, kuma guringuntsin yara kan yi kama da karaya a cikinsa. Hoton CT yana nuna ƙashi filla-filla. Hoton MRI shi ke nuna laka da jijiyoyi. Idan likita ya ce a yi na biyu ko na uku bayan an yi na farko, ba son cin kuɗi ba ne. Kowanne da abin da yake gani. Ki ba likita labari yadda ya faru: tsayin inda ya faɗo, da wane ɓangare ya sauka, ƙarfe nawa, ko ya suma, ko an ja wuyan kafin a zo. Kada ki ɓoye don tsoron faɗa.

Maganin da ba tiyata

Ga albishir: yawancin yaran da suka samu wannan karaya ba sa bukatar a yanka su. Ƙashin yaro yana saurin haɗewa. Haƙorin da ya ɓalle ta guringuntsi, idan likita ya mayar da shi mazauninsa a hankali yana kallon hoto, aka kuma hana shi motsi, mafi yawa yana kamawa.

Hanyoyin hana motsi uku ne. Akwai kwalar wuya mai tauri, ga raunin da bai goce ba. Akwai simintin asibiti da ake naɗawa daga kai har ƙirji. Sai kuma wani zoben ƙarfe da ake kira halo, wanda ake kafawa kewaye da kai da ƙananan ƙusoshi, a haɗa shi da sanduna zuwa wata riga mai tauri a ƙirji. Wata likita mace a Amurka, Jacquelin Perry, tare da abokin aikinta Vernon Nickel, su suka fito da shi a 1959 don masu cutar shan inna. Ganinsa akwai tsoro, amma ƙusoshin a ƙashin kai na waje suke tsayawa. Saboda ƙoƙon kan yaro ba kauri, akan sa masa ƙusoshi da yawa, kamar 8 ko fiye, kowace ba a matse ta sosai ba. Yaro na iya zama, ya ci abinci, har ya yi tafiya da shi. Yawanci wata 2 zuwa 3 ake yi kafin a cire.

Yaushe tiyata ke zama dole?

Likita zai kawo maganar aiki idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙashin ya goce ya ƙi komawa, ko yana komawa yana sake gocewa, jijiyoyin da ke ɗaure kai da wuya, ko wadda ke riƙe haƙorin, sun tsinke, domin ƙashi na haɗewa amma tsinkakkiyar jijiya ba ta cika komawa da ƙarfinta ba, wani abu yana danne laka, an yi watanni da halo ƙashin bai kama ba, ko kuwa an makara, karayar ta tsufa a goce.

Manufar aikin biyu ce: a ɗauke abin da ke danne laka, a kuma haɗe ƙasusuwan da ke rawa su zama ɗaya. Ana sa yaro barci gaba ɗaya, a kwantar da shi rubda ciki tare da riƙe kansa da kyau, a buɗe ta bayan wuya daga ƙeya. A da, da waya ake ɗaure ƙashi na farko da na biyu. Likitan Kanada, Gallie, ya bayyana wannan hanya a 1939, kuma har yanzu ana amfani da irinta ga ƙananan yaran da ƙashinsu bai isa ɗaukar ƙusa ba. Daga baya Goel da Laheri a Mumbai ta Indiya, a 1994, sannan Harms da Melcher a Jamus, a 2001, suka nuna yadda ake ɗaura ƙananan ƙusoshi masu zare irin na noti a ƙashi na farko da na biyu, a haɗa su da ɗan ƙarfe. Wannan ta fi waya riƙo. Idan tsakanin ƙoƙon kai da wuya ne ya rabu, sai a haɗa ƙarfen har da ƙashin ƙeya.

Ƙarfen nan, wanda yawanci titaniyom ne, riƙon ƙwarya yake yi. Ainihin ɗinkin ƙashi ne ke yin sa: akan ɗebo ɗan guntun ƙashi daga haƙarƙarin yaron ko ƙugunsa a shimfiɗa a wurin, cikin watanni ya haɗe da su. Galibi ba a cire ƙarfen.

Dole a faɗi gaskiya, aikin yana da haɗari. Manyan jijiyoyin jini biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta jikin waɗannan ƙasusuwa suka ratsa, shi ya sa ake auna hoton CT da kyau kafin a sa ƙusa. Ana iya zubar da jini, ciwon na iya ruruwa, ƙashin na iya ƙin kamawa. Idan aka haɗe na farko da na biyu, yaro zai rasa kusan rabin juyawar wuyansa, sai ya koyi juyowa da kafaɗa idan zai tsallaka titi ko zai yi sallama. Yara kuwa suna saurin sabawa. Sannan ki sani, tiyata ba ta ɗinke lakar da ta riga ta tsinke. Tana kare wadda ta rage, tana kuma ba wadda ta kumbura damar farfaɗowa. Nan za ki gane dalilin da ya sa muka daɗe a kan maganar ɗaukar farko.

Kafin maigida ya sa hannu a takardar amincewa, ku tambayi likita: Wane ƙashi ne ya karye? Lakar ta taɓu? Me zai faru idan ba a yi aikin ba? Ƙasusuwa nawa za a haɗe? Zai sa halo ko kwala bayan aiki, har tsawon wane lokaci? Nawa ne kuɗin aiki da na ƙarfe? Leda nawa ta jini za a tanada? Idan kuɗin ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin jin ƙai na asibitin, ku sanar da dangi da ƙungiya da wuri. Kada a gudu da yaro gida a bar magani a tsakiya.

Jinya bayan an dawo gida

Nan ne aikinki, uwargida. Kada a cire kwala ko a taɓa notin halo don yaro ya yi kuka ko don zafin bazara. Ki goge gindin ƙusoshin kullum yadda nas ta koya miki, ki riƙa duba fatar da ke ƙarƙashin riga ko kwala. Wanka da tsumma mai ɗumi ne, ba kwara ruwa ba. Ki ba shi abinci mai gina jiki wanda muke da shi: kifi, wake, ƙwai, nono, zogale, gyaɗa. Ban da hawa, kokawa, lilo da babur har sai likita ya sallame shi.

Idan lakar ta taɓu yana kwance, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a kula da tsabtar robar fitsari, a kuma dage da zuwa sashen gashin ƙashi. Sauƙin laka a hankali yake zuwa, wata da watanni. Ku koma asibiti ba jira idan kin ga zazzaɓi, ruwa ko mugunya a wurin ɗinki, ƙusa ta yi lako-lako, sabon rashin ƙarfi, ko wahalar haɗiya da numfashi. Kada a tsallake ranar komawa ko da ya warke a ido, domin yaro yana girma, likita na son ganin yadda wuyan ke girma tare da shi.

Rigakafi

Ki hana yara tsunduma ruwa da ka. Su fara shiga da ƙafa. Ƙananan yara su zauna a bayan mota. A rage lodin yara a babur. Kada a bar ƙarami shi kaɗai a kan amalanke. A daina wasan ɗaga yaro ta kai ko ta haɓa, da cilla jariri sama, da girgiza shi don ya yi shiru. A rage wa 'yan talla nauyin kaya. Da damina, a kwashe yara daga ɗakin da bangonsa ya jiƙe ko ya tsage.

Tambayoyin bita

Idan kun haɗu a taronku na mako, ku tattauna waɗannan:

1. Me ya sa raunin wuyan ƙaramin yaro ya fi zuwa a sama?
2. Kawo alamomi 5 da za su sa ki zargi wuya.
3. A ina ake sa ninkakken zani idan an kwantar da ɗan shekara 4 a kan katako, kuma don me?
4. Wane abu ne tiyata ke iya yi, wane ne ba ta iyawa?

Zai yi kyau ku gwada a aikace: ku samu ƙyaure da zannuwa, yaro guda mai lafiya ya kwanta, mata huɗu su gwada ɗaukarsa ba tare da kansa ya motsa ba. Wadda ta gwada da hannunta ba za ta ruɗe ba ranar da abin ya zo, kuma ta koya wa kishiya, maƙwabciya da manyan 'ya'yanta.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.